Ranar da Rabo Ya Wuce Tsarnawa

In ka taɓa shiga mota a tashar Birnin Konni, to ka ji muryar Rabo ko da ba ka lura da fuskarsa ba. Shi ne ɗan kamashon nan gajere mai jan tawul a wuya, wanda ke tsayawa bakin ƙofar mota yana jero garuruwa: Tsarnawa, Malbaza, Dogarawa, Galmi, saura mutum biyu. In motar Tawa ce sai ya sauya: Gidan Idar, Badagishiri, mai zuwa Illela ya sauka can ya canza. Ya san tsohuwar da za a ba gefen taga, ya san buhun da zai hau sama da akuyar da za a cusa baya. In mota ta cika ya rufe ƙofa, ya bubbuga jikinta sau biyu da tafin hannu, direba ya ja. Shekara talatin aikinsa ke nan.

Ni sunana Mato, teburin shayina yana gefen rumfar masu jiran mota. Unguwa ɗaya muka tashi da Rabo, shi ya sa na san abin da ko 'ya'yansa ba su sani ba: mutumin nan da ke aika jama'a gabas da arewa bai taɓa wuce Tsarnawa ba. Tsarnawa fa, nan bayan gari, inda mai jaki ke zuwa ya dawo kafin azahar.

Ba ragwanci ba ne, cikinsa ne ya ƙi. Yana saurayi ya shiga aparanti, wato yaron mota, wurin wani direba, ranar farko mota ba ta kai Tsarnawa ba ya amayar da abincin jiya a kan kayan wani Alhaji. Direba ya sauke shi, ya tako a ƙasa. Ya sake gwadawa sau biyu, da lemun tsami a baki, har da laya a damtse, a banza. Da warin mai ya haɗu da jijjigar mota sai hanjinsa ya juya. Shi ke nan ya haƙura ya tsaya bakin ƙofa. Direbobin da suka san zancen wasu sun mutu, wasu sun bar gari, ya rage ni kaɗai.

Matsalar daga wurin zance ta fara. Lokacin Gimbiya, matarsa ta yanzu, tana budurwa, tana taya uwarta tuyar ƙosai a bakin tasha. Wata rana da yamma ta tambaye shi ko duk garuruwan nan da yake kira ya je su. Saurayi a gaban budurwa, me kake tsammani? Ya ce wane ne bai je ba, ai shekara uku ya yi a bayan mota. Ta ce to cikin duk abin da ya gani, wanne ya fi kyau. Nan take ya ƙera mata Dutsen Raƙumi. Wai yana gaba da Malbaza, siffarsa ta raƙumi a gurfane, da tozo da wuya da komai, a kan tozon akwai kwarmin ruwa da ba ya ƙafewa ko da bazara, kuma in ka tsaya can kana ganin Nijar da Najeriya a lokaci guda. Bayan wata huɗu aka ɗaura aure.

Dutsen nan ya yi ta girma a gidansu. 'Ya'ya shida aka yi wa barci da shi. Wata shekara ya sami tsuntsaye farare, wata shekara ya sami kogo. Na sha gaya masa: Rabo, ka rage wa raƙumin nan kiwo. Sai ya yi dariya ya ce in ƙara masa sukari.

Da daminar 2006 aka kai autarsu Nazifa ɗakin miji. Kwana goma bayan biki, Rabo ya zo teburina da safe fuska a yamutse, ya zauna bai ko yi sallama ba.

"Mato, ta ce in kai ta."

"Ina?"

"Dutsen Raƙumi. Ta ce gida ya yi shiru, ɗiya sun watse, kuma ita ba ta mutuwa ba ta gan shi ba. Har ta roƙi babur wurin Ishaku."

Ishaku surukinsu ne, ɗan kabu-kabu. Ya ce ya ba su babur kwana biyu, har da mai cike da tanki. Ni dai dariya ta kama ni har na zubar da ruwan zafi a ƙafata. Amma da na dubi Rabo sai na bari. Mutumin yana tsoro na gaske. Ya ce mini shi a duniya ba shi da gona, ba shi da mota, ba shi da karatu. Abu ɗaya yake da shi a idon matar nan, shi ne mutumin da ya ga duniya. In wannan ya faɗi, ya ce, da wace fuska zai riƙa karɓar tuwo daga hannunta?

Na ce ya gaya mata gaskiya tun a gida. Ya ƙi. Maimakon haka ya kama Ado, tsohon direba da ya fi kowa sanin hanyoyin nan, ya saya masa shayi da burodi, ya ce ya kwatanta masa hanya daki-daki, wai yana son ya ga ko an yi canji. Ado kuwa ya zage ya kwatanta. Ramin da ke bayan gada kaza, kwanar da shanu ke ƙetarawa, inda jandarma ke tsayawa ƙarƙashin itacen bedi, inda ake sayar da mai a kwalba. Da Rabo ya tambaye shi abin da ake gani a gefen hanya, Ado ya ce shi direba ne, kwalta yake kallo. Haka abokina ya tafi da ramukan hanya duka a kansa, ba tare da ya san kamannin gari ko ɗaya ba.

Ranar Asabar da hantsi suka tashi daga gaban teburina. Gimbiya ta sha sabuwar atamfa shuɗiya, ta ɗaure kallabi tamau saboda iska, a cinyarta ƙullin ƙosai da gorar ruwa. Rabo ya ɗaura jan tawul ɗinsa a ka. Yau shi ne ke tafiya, mu ne ke kallo. Wani ɗan'uwansa ɗan kamasho ya zo ya bubbuga bayan babur sau biyu, tasha duka ta kwashe da dariya. Abin da ya biyo baya daga bakinsu na ji shi, kowa da ranarsa, kuma inda labarinsu ya saɓa na ɗauki na Gimbiya, don na san halin abokina.

A mararrabar Tsarnawa ya rage gudu. Hagu hanyar Tawa, miƙe hanyar Malbaza. Ya ce mini a nan ya jira cikinsa ya fara aikinsa. Ya wuce masu sayar da albasa, ya wuce gidan ƙarshe, ya wuce wata kuka. Shiru. Iska tana dukan fuskarsa, babu warin mai, babu rufin mota a kansa. Ashe shekara talatin babu wanda ya gaya masa babur daban ne. Gimbiya ta ce sai kawai ta ji ya fara kiran garuruwa da ƙarfi a tsakiyar daji, babu fasinja sai gero da wake, yana kira yana dariya.

Ko'ina kore. Gero ya kai kafaɗa, ruwa kwance a gefen hanya, balbelu na bin shanu. Can sai tsaunuka suka fara fitowa ta hagu, jajaye, kawunansu a shafe kamar an yanke da wuƙa. Rabo ya tsayar da babur ya sauka ya tsaya yana kallo. Da ya tuna ko shi wane ne, sai ya ce mata taya yake dubawa. Kafin su yi nisa ya duba tayar nan sau huɗu.

Ado ya ce masa daga Tsarnawa zuwa Malbaza ba za a gama cin goro ɗaya ba. A mota yake nufi, da irin gudunsa. Shi kuwa Rabo yana tafiya a hankali yana kauce wa ramukan da ya haddace, don haka da ya cinye goronsa ya hango wani ƙauye mai rumbu biyar da ɗan masallaci, sai ya miƙa hannu ya ce ga Malbaza nan. Suka tsaya gaida wani dattijo da ke noma bakin hanya, Gimbiya ta ce masa sannu da aiki, mutanen Malbaza.

"Malbaza tana gaba, ɗiyata," in ji dattijon. "Sai kun ga hayaƙi."

"Da can daga nan take hwarawa," in ji Rabo, ya tada babur da sauri.

Da suka ga hayaƙin kuwa, labari ya ƙare. Izin ɗin siminti, masana'antar da ake yin sa, ya bayyana daga nesa, dogon bututu ya tsaya cikin sama, gine-gine farare fat da ƙura, manyan motoci a jere suna jiran lodi. Rabo ya loda buhun simintin nan a saman mota ba iyaka, bai taɓa tunanin daga irin wannan wuri yake fitowa ba. Ya taka burki har Gimbiya ta bugi bayansa, ya tsaya baki buɗe.

"Gimbiya, dubi tsawonai!"

"Malam, ba nan ka ce kake cin abincin rana kullum ba?"

"Sun ƙara mishi tsawo," ya ce.

A gindin wani tudu suka tarar da wani tsoho mai fasa dutse, sunansa Munkaila. Ya ba su inuwa, suka ba shi ƙosai. Da ya ga baƙi ne masu son kallo, ya tona cikin tarin duwatsunsa ya ɗauko wani fari ya miƙa wa Rabo. A jikinsa akwai ƙwaryar katantanwa, zanenta a fili, amma ta zama dutse. Ya ce wani injiniya ya taɓa gaya masa wurin nan da can ruwa ne ya rufe shi, babban ruwa irin na teku, shi dai bai sani ba, amma irin waɗannan yana samunsu kullum. Rabo ya juya dutsen, ya kankare shi da farce, ya ɗaga shi ga rana, ya jera wa tsohon tambaya ta fi ashirin. Gimbiya ta ce tun da ta san shi ba ta taɓa ganin ya saurari wani haka ba, shi da kullum shi ke ba da labari. Munkaila ya ce su tafi da shi kyauta, ta ƙulle shi a bakin zane.

Suka wuce Dogarawa, suka isa Galmi bayan azahar. Warin albasa ya tare su tun kafin gari. Ga rumfunan kara da ake adana ta a jere a bayan gidaje, ga buhuna a bakin hanya kowanne da hularsa ta raga, tsayinsu ya kai ƙirjin mutum. Rabo ya riƙa bi yana shafa su kamar ya gamu da 'yan'uwa. Suka yi salla, suka ci gasasshiyar masara a tsaye, suka kalli lambuna a kwari. Wani mai hoto ya ɗauke su a jikin babur. Hoton yana nan, Gimbiya ta daidaita fuska, shi kuwa haƙora duka a waje.

Suna cikin haka ta ce, "To, Malam, mun wuce Malbaza da nisa. Dutsen hwa?"

Tun safe yake leƙen kowane tsauni ko Allah zai sa ya sami mai ɗan tozo. Babu. Duka a shafe suke. Ya sosa ƙeya ya ce shekaru sun yi yawa, ya tuna yanzu, ba wannan hanyar ba ce, hanyar Illela ce. Ta ce to. Suka juyo har Tsarnawa, suka kama hanyar arewa, suka kwana a Gidan Idar wurin wata 'yar gwaggonta.

Washegari hanya ta fi ta jiya daɗi. Tana hawa tana sauka, in sun hau tudu sai kwari ya buɗe a gabansu cike da gawo da dawa. Suka ga layukan duwatsu da manoma suka jera a jikin gangare don tare ruwa, suka ga gero yana fitowa daga ƙananan ramuka a kan fako inda ko ciyawa ba ta tsira. Suka ga rumbunan laka masu ƙaton ciki, wasu sun fi ɗakin kwana girma. Rabo ya daina fakewa da taya, in ya ga abu sai kawai ya tsaya. A wani ƙauye har ya roƙi mai rumbu ya bar shi ya hau tsani ya leƙa ciki. Amma Gimbiya ta ce duk lokacin da suka koma kan babur sai ta ji bayansa ya ƙage, don kowane tudu da suka wuce yana rage masa wurin ɓuya.

A Badagishiri suka bar babbar hanya suka nufi Illela. Ba su yi nisa ba suka tarar da jama'a a tsaye. An yi ruwa a tsaunuka da asuba, kori, wato rafin damina, ya kawo, jan ruwa yana gudu a kan hanya da itace da kara. Wannan Ado bai faɗa ba. Mutanen wurin ba su damu ba. Wani ya kafa kara a bakin ruwan don a riƙa ganin yadda yake janyewa, masu amalanke sun kwance shanu, wasu Buzaye har sun hura gawayin shayi. Aka ce musu su zauna, zuwa azahar zai faɗa.

Gimbiya ta dubi wani tsauni da ke dab da hanya ta ce, "Malam, mu hau wanga. Daga bisa sai ka hango naka ka gwada mini."

Suka bar babur wurin masu shayi suka kama hawa. Ita a gaba, ta tattare zane, takalmi a hannu, shi a baya yana haki. Tsakuwa na zamewa, ƙaya na kama riga. Sau biyu suka huta kafin su kai.

A sama fili ne shimfiɗe da baƙaƙen duwatsu, iska mai sanyi tana kaɗawa. Daga nan komai ya fito. Korin yana murɗawa cikin gonaki, ƙauyuka sun fi goma kowanne da rumbunansa, mutanen da suka bari a ƙasa sun zama ƙanana, can nesa hadari yana zuba a wani gari alhali su rana ce a kansu. Rabo ya riƙa zagaya bakin tsaunin yana nuna mata wannan yana nuna mata wancan, yana cewa ashe haka ƙasar nan take. Sai da ya zagayo inda ya fara ya ga ta zauna a kan dutse tana jiransa. Tsaunuka a kowane gefe, babu mai kama da raƙumi ko ɗaya.

Ya cire tawul daga kansa ya zauna nesa da ita kaɗan. Ya ce mini bai taɓa jin kunya irin ta lokacin ba, har ya fi son amai a gaban fasinja.

"Gimbiya, babu shi," ya ce. "Babu Dutsen Raƙumi. Ni na ƙera shi. Ban taɓa wuce Tsarnawa ba sai jiya, mota ba ta karɓe ni ba. Duk abin da na gaya miki, a bakin direbobi na tsinta, sauran na ƙara da nawa."

Ta kwance bakin zanenta, ta ciro goro ta raba biyu ta miƙa masa rabi.

"Na sani, Malam. Tun shekarar da anka haihi Mohammed. Direbobi nawa ke cin ƙosaina? Na tambayi Ado, na tambayi wasu, babu wanda ya taɓa jin sunanai."

Mohammed ɗansu na biyu ne, lokacin yana da shekara ashirin da biyar. Rabo ya ce sai da ya dafa ƙasa.

"To don mi kika sa ni wagga wahala?"

"Kullum in mota ta cika kana bubbuga ta, ta ja," ta ce. "Sauran 'yan kamasho su juya su nemi inuwa. Kai sai ka tsaya kana kallonta har ta sha kwana. Ina tuya ina ganinka, shekara ashirin da takwas. In na ce maka tahi ka ga gari, ba ka zuwa, sai ka ce ai ka gani. Shi ya sa na ce ka kai ni."

Ya rufe fuska da tawul ɗin ya daɗe. Ita kuwa tana cin goronta tana kallon hadari. Da ya ɗago ta ce masa abu ɗaya take roƙo, kada ya kashe wa jikoki raƙumin, sun saba da shi. Zuwa azahar ruwa ya bar karan da taku uku, suka ƙetare tare da masu amalanke, suka shiga Illela, suka zagaya kasuwa da bakin ma'aikatu, suka kamo hanyar gida kafin magariba.

Ni abin da ya ba ni haushi har yau, shekara ashirin da takwas ina riƙe da sirrin nan kamar garwashi, in matar ta zo karɓar ruwan zafi ina sunkuyar da kai. Ashe tana sane, kuma ta san na sani. Da na yi mata ƙorafi sai ta ce ai lada nake samu.

Dutsen katantanwar yana kan teburin ƙosanta, da shi take danne takardun naɗi kada iska ta kwashe. Rabo ya koma bakin ƙofar mota ranar Litinin, kuma har yanzu ba ya iya shiga cikinta. Amma ya ƙaro wani abu a aikinsa. In ya ga fasinja baƙon hanya, sai ya ce masa ya zauna ta hagu, kada ya yi barci bayan Tsarnawa, akwai tsaunuka, kuma in ya ga hayaƙi ya duba sosai. Rannan wani malamin lakwal, makarantar boko, da aka tura Galmi ya gyara zama ta hagun, ya leƙo ta taga ya ce masa, baba, da alama ka sha bin hanyar nan.

"Sau ɗaya," in ji Rabo. "Ni da matata."

Ya rufe ƙofa, ya bubbuga jikin motar sau biyu. Ba ta ko kai kwana ba ya juyo ya nufi teburin ƙosai.